Harun Na Huɗu

Ku gyara zama 'yan uwa, mai shan shayi ta ajiye kofinta tukuna, don na yau ba na dariya ba ne. Masu damuna a saƙo da “Lubna ina labarin ango?”, to ga shi na kawo muku, sai dai wallahi ban san ko har yanzu sunansa ango ba.

Ga wadda yau ta fara leƙo mu: ni ce Lubna, 'yar Funtua. Karatu ya kawo ni Alƙahira, na gama Azhar, ina zaune a unguwar Faisal gidan yayana Munkaila, wanda ke saro kaya a kasuwar Ataba yana aikawa gida. Abin da ya hana ni tattarawa in koma shi ne dillancin gidaje. Ba irin na bakin titi nake nufi ba, wanda mutum zai kafa kujerar roba kusa da mai shayi ya ce shi simsar ne, wato dillali. Na gaske nake so, mai shaida a hannu. Na shiga wata cibiya na yi kwas, mun sha karatun dokar haya da awon gida da rubuta yarjejeniya har kaina ya yi ciwo. Sharaɗinsu uku ne: digiri, kwas, sai kuma shekara biyu a ƙarƙashin ofis mai rajista, mai ofishin ta sa hannu cewa ta gwada amanarki ta yarda. In babu wannan sa hannun, ko ƙofar ɗakin jarrabawar ƙarshe ba za ki taɓa ba. A watan nan shekaruna biyu ke cika a ofishin Madam Widad, a watan nan kuma aka sa bikina da Uzairu.

Madam Widad 'yar guntuwar mace ce, tabarau a rataye a wuya, kofin gahawa ba ya rabuwa da hannunta. Ba ta da ihu, kuma shi ya sa nake tsoronta. Kafin ni akwai wani Tarig, ɗan Sudan, saura kaɗan ya cika nasa shekarun ta gano ya rufa wa wani ɗan garinsu asiri a kan wani gida. Ba ta zage shi ba. Makullan ofis kawai ta karɓa ta ce Allah ya ba shi sa'a. Rannan na gan shi a tashar Ramsis yana sayar da cajar waya.

To shekaranjiya da safe na fito falo cikin abayata ruwan toka da farin mayafi, jaka a kafaɗa, tef ɗin awo da tarin makullai suna ƙara a ciki. Falon babu wajen sa ƙafa. Kwalayen tukwane, farantan tangaram, kafet a naɗe, ga labulena ruwan zuma da na zaɓa da kaina a Ataba an ɗaure shi cikin zani. Gwaggo Dije, ƙanwar babanmu da ta zo ganin likitan gwiwa ta haɗa da biki, tana zaune a tsakiya tana ba da umarni. Ranar jere ce.

Ban san me ya ja bakina ba na ce, “Gwaggo, wai a wane layi gidan yake ne?”

Ta saki murfin tukunyar da ke hannunta. “La'ilaha illallahu! Zeinabu, fito ki ji! Amarya ke tambayar ɗakinta. Ko za ki biyo mu ne ki nuna mana inda za a kafa gado?”

Anti Zeinabu, matar Yaya, ta leƙo daga kicin tana dariya. “Gwaggo a yi mata afuwa, aikin ne ya bi jikinta.”

“Aikin me? Yawon gidajen mutane? Ke 'yar nan, a garinmu dillaliya ita ce mai ƙullin atamfa a ka da gulma a baki. Ki haddace izu sittin, ki zo har Azhar, a ƙarshe a ce dillaliya! Da babanki na raye da ba a yi haka ba.”

Na sa takalmina. Na saba, tun da ta sauka a jirgi kullum sai na sha wannan karatun.

Amma ku tsaya ku ji abin mamaki. Ni da na shiga ɗaruruwan gidaje a garin nan, na san wane gini ruwa ba ya hawa samansa, wane mai gida ne mai mita, ban san gidan da za a kai ni ba. Unguwar Hay el-Sabi' kawai aka ce min. Tagar ɗakina ma Anti Zeinabu ce ta je ta auno da mayafinta, ta dawo ta ce “biyu da rabi.” Sau nawa na ɗauki waya in tambayi Uzairu, kunya ta hana ni, kar ya ce yarinyar nan zumuɗi take. Kuma kar in yi muku ƙarya, ni ma abin yana min daɗi. Ina so a ce gida ɗaya dai a duniya in shige shi a lulluɓe, ba da tef a hannu ba.

Na bi maikrobas, na bi metro, na isa ofis gumi ya jiƙa min baya. Madam ko sallamata ba ta gama amsawa ba ta ce, “Ya binti, yau ranarki ce.”

Na ajiye jakata. “Wace rana, Madam?”

“Hajj Mu'tasim ya ba mu gininsa da ke bayan gidan burodi. Ya tsufa, 'ya'yansa sun matsa a san waye a ciki. Bayan la'asar za mu bi ƙofa-ƙofa, ni da ke da shi. Yawanci baƙi ne. Ni ba na jin yarensu, shi kuma idonsa ya yi rauni. Ke za ki karɓi fasfo, ki duba suna, ki gaya min ko shi ne ya yi yarjejeniya. Ke ce idona, ke ce kunnena. In muka sauko lafiya, gobe in sa miki hannu.”

Gobe! Shekara biyu ina hawa bene, ina shan tsawar masu gadi, ina jin gorin Gwaggo da na wasu, ga shi abin ya zo gobe.

Ta kurɓi gahawa ta ce, “Akwai ma wani Sheikh Harun a hawa na huɗu, ɗan ƙasarku ne ina ji. Hajj ya ce ya haura shekara goma yana karatu bai gama ba. Wane irin karatu ne wannan?”

Ta yi dariya, na taya ta, amma tawa ta fatar baki ce. Duk Bahaushen da ya zauna a garin nan ya san amsar. Gadon gida muke ce masa. Ɗalibi ya kama gida da sunansa, ranar da ya gama karatu ba ya mayar wa mai gida da makulli, sai ya damƙa wa ɗan uwansa ɗalibi, da katifar da murhun da tsohuwar haya mai sauƙi. Shi ma in ya tashi ya damƙa wa wani. Ba wanda ke ganin laifi ne, zumunci muke ɗaukarsa. Ni kaina shekarata ta farko a ɗakin wata Nana Khadija na zauna, wadda ban taɓa gani da idona ba.

Tausayin bawan Allahn nan na hawa na huɗu ya kama ni. Na ce bari in tambayi Uzairu, tunda shi digiri na biyu yake a hadisi kuma babu ɗalibin Sabi' da bai sani ba. Na rubuta masa:

“Malam barka da rana. Ka san wani Harun a ginin da ke bayan gidan burodi, hawa na huɗu?”

Nan take ya gani. Sai ga fuskokin dariya har uku.

“Wa ya tona min asiri? Anti Zeinabu ko? Haba ranki ya daɗe, kin ɓata min shiri. To ki yi kamar ba ki sani ba ranar da aka kawo ki.”

Na karanta, na sake karantawa. Na miƙe na ce wa Madam zan yi alwala, na fita matattakala na kira shi.

“Malam, gidan nan shi ne namu?”

“Shi ne mana. Ga su Gwaggo ma sun iso, ina kafa musu ƙarfen labule. Lafiya na ji muryarki haka?”

“Da sunan wa aka kama shi?”

Ya ɗan yi dariya. “Malam Harun. Yana Maraɗi yanzu yana limanci, 'ya'yansa biyar. Ya bar wa Muslim, Muslim ya bar wa Lawali, Lawali ya bar min. Ni ne Harun na huɗu. Bawwab, wato mai gadin ginin, dukkanmu Sheikh Harun yake kiranmu, mu kuma mu amsa.”

Na gaya masa komai a tsaye, ban ja numfashi ba. Madam, Hajj, la'asar, fasfo. Dariyar ta ɗauke. Ina jin muryar Gwaggo can bayansa tana cewa a matso da kabad.

“Ke za ki duba fasfon?”

“Ni ce.”

“Alhamdu lillahi,” ya sauke ajiyar zuciya. “Ai shi ke nan, Allah ya rufa mana asiri. Ki buɗe, ki kalla, ki ce na'am. Kalma ɗaya ce, Lubna.”

“Malam, ƙarya kake so in yi wa matar da ta ce ni ce idonta?”

“Wa aka zalunta? Haya ba mu taɓa fashi ba, ko wata ɗaya. Famfon ginin in ya lalace mu muke gyarawa. Kin fi ni sanin abin da za su sa in aka ce sabuwar yarjejeniya, ba kuɗin ɗalibi ba ne. Kuma kin ji Yaya Munkaila da kunnenki, ya ce babu gida babu ɗaurin aure, ba zai ba da ƙanwarsa a kai ta ɗakin gwauraye ba.”

Gaskiya ya faɗa, Yaya ya faɗi haka a gabana, yana buga hannu a gwiwa.

“Ko ka fita kawai, ka kwashe su Gwaggo, mu tarar da ƙofa a rufe?”

“Gwaggo Dije zan ce wa ta tashi a tsakiyar jere? Kuma bawwab ya ga kaya na hawa tun safe, shi ya ɗauko firij ɗin ma.” Sannan muryarsa ta sauka. “Lubna, lokacin da Hajiyata ta ce ba ta son dillaliya a zuri'arta, wa ya tsaya miki? Na taɓa cewa ki bar aikin nan? Yau ɗaya na roƙe ki abu.”

Wannan maganar ta fi komai yi min ciwo, don babu ƙarya a cikinta. Ya tsaya min. Wata guda mahaifiyarsa ba ta ɗaga wayarsa ba saboda ni.

Na ce, “Madam na kirana,” na kashe. Ba ta kira ni ba.

Kar ku tambaye ni yadda na yi wunin nan. Madam ta sa aka kawo mana koshari, na yi ta juya cokali. Sau biyu na buɗe baki in gaya mata, sau biyu na ce, “Madam, a ƙaro gahawa?” Na yi tunanin in ce cikina ke ciwo in gudu gida, to in na gudu wani za ta ɗauka ya duba, asirin ya tonu, sa hannun ma ya tafi. Wayata tana ta haske a kan tebur.

“Kin yi shiru.”

“Lubna don Allah.”

“Na sa miki wani abu a ɗakin, sai kin gani.”

Na kifa ta. Na yi sallar la'asar a bayan kabad ɗin fayil, ban san me na karanta ba.

Hajj Mu'tasim dogon tsoho ne, farar jallabiya, sanda, tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Bawwab ɗin, Am Ayman, ya tare mu da rawar jiki yana ba da haƙuri wai lif ya lalace. Muka kama matattakala. Hajj yana hawa yana hutawa, ni kuma ina addu'ar Allah ya sa ya gaji ya ce a bari sai gobe. Tsohon nan ko nishi bai cika yi ba.

Hawa na ɗaya 'yan Indunusiya ne, suna ya yi daidai. Na biyu wata 'yar Somaliya da yaranta, daidai. Madam tana gyaɗa kai tana cewa “tamam.” A na uku ba kowa. Muna juyowa kwanar bene sai ƙamshin ya dake ni. Turaren wutar Anti Zeinabu ne, wanda take haɗawa da kanta, ko a kasuwa na ji shi sai na gane. Ga takalman Gwaggo a bakin ƙofa, masu taushin nan da na saya mata saboda gwiwa.

“Yalla, ƙwanƙwasa,” in ji Madam.

Anti ce ta buɗe, tsintsiya a hannu. Ta kalle ni, ta kalli Balarabiya, ta kalli tsoho, bakinta a sake.

Muka shiga. Jama'a, gidan ya yi kyau. Da ma bai yi ba, da na fi samun sauƙi. Mai fuskantar iska ne, irin wanda Misirawa ke ce wa bahari suna rububinsa, labulena ruwan zuma yana ta kaɗawa, awon mayafin Anti ya zauna cif. An shimfiɗa kafet, an jera tangaram a kabad, kujerun ko ledarsu ba a cire ba. Can kusa da taga na hango abin da ya ce ya sa min: ɗan tebur da kujera, a bangon samansa an kafa katako mai ƙugiyoyi a jere. Wurin rataya makullai ne. Da hannunsa ya yi, don layin ya ɗan karkace. Hawaye ya cika min ido, na yi maza na kalli silin.

Gwaggo ta fito daga uwar ɗaka, ɗankwali a karkace. Tana ganina ta dafe ƙirji.

“Na shiga uku! Biyo mu kika yi? Da ƙafarki, ido a buɗe, har da 'yan rakiya Larabawa? Ke wace irin yarinya ce? A dangin ubanki kaf ba a taɓa yin amaryar da ta zo duba jerenta ba! Fita, fita kafin in saɓa miki!”

Madam ta juyo. “Me take cewa? Kin san su ne?”

“Sannu da zuwa take mana,” na ce.

Haka ta fito, sumul, ko tuntuɓe harshena bai yi ba. Madam ta yi wa Gwaggo murmushi ta ce “shukran.” A nan tsoro na gaske ya kama ni. Ashe haka abin yake da sauƙi? Shekara biyu ban taɓa yi wa matar nan ƙarya ba, ga ta farko ta wuce ko ƙura ba ta tayar ba.

Uzairu ya sauko daga kan kujerar da ya taka, guduma a hannu, farar rigarsa duk ƙurar bango. Bai kalle ni ba. Hajj ya kama hannunsa da hannu biyu yana girgizawa.

“Sheikh Harun! Aure za ka yi ba ka gaya min ba? Alf mabruk, ɗana! Kai, har tsawo ka ƙara.”

“Allah ya yi albarka, ya Hajj,” in ji Uzairu da Larabcinsa mai daɗi.

“Fasfo, in ka yarda,” Madam ta ce.

Ya shiga ɗaki ya ɗauko. Ni ya miƙa wa. Sai a lokacin ya ɗago ido, kuma ba harara ba ce, roƙo ne tsantsa. Da Hausa, can ƙasa-ƙasa, ya ce, “Kalma ɗaya.”

Na buɗe. Ga hotonsa da hular nan zanna da nake tsokanarsa a kanta. Ga sunansa. Madam ta ɗora tabarau a hanci, ba fasfon take kallo ba, ni take kallo, kallon mutumin da hankalinsa ke kwance.

Na so in ce na'am. Wallahi na so, kar wata ta zo tana yaba min a ƙasan rubutun nan. Na hango kaina a teburin can, makullaina a rataye, iska na shigowa. Sai kuma na hango kowace safiya ina saukowa Am Ayman yana ce min “sabahul khair, matar Sheikh Harun,” ina amsawa, in wuce ofis in zauna gaban matar nan, sa hannunta a jakata. Na ji ba zan iya ɗaukar wannan kullum ba.

“Uzairu Shu'aibu,” na karanta. Muryata kamar ba tawa ba. “Ba shi ba ne, Madam. Harun ya bar ƙasar nan da daɗewa.”

Tunda na fara, sai na ƙarasa.

“Kuma matar can ba sannu da zuwa ta yi mana ba. Gwaggona ce, faɗa take min. Kayan nan nawa ne. Shi zan aura.”

Hajj ya saki hannun Uzairu a hankali. Ya lalubi kujera ya zauna, ledar ta yi ƙara. Na zaci ihu zai yi, ina ma ya yi.

“Duk azumi matata tana aiko da abinci hawa na huɗu,” ya ce. “Tana cewa a kai wa Sheikh Harun, baƙo ne, ya sa mu a addu'a. Har ta rasu tana faɗa. Wa yake ci?”

Uzairu ya sunkuyar da kai. “Ɗalibai ne suka ci, ya Hajj, kuma sun yi addu'ar. Haya ma ba mu taɓa…”

“Ban tambaye ka haya ba.” Ya dogara sanda ya miƙe. “Da ka zo ka ce min ga sunanka, da mun yi magana. Ƙarshen wata a ba ni gidana. Ko nawa zai biya ba na so, ya Madam. Khalas.”

Ya fita, muna jin sandarsa tana sauka.

Madam ta cire tabarau. “Tun yaushe kika sani?”

“Tun azahar.”

“Kika zauna gabana kina juya koshari. Kika hau bene huɗu a bayana.”

“Eh, Madam.”

Ta daɗe tana kallona, ni kuwa Tarig kawai nake gani da cajojinsa. Har na fara laluben makullan ofis a jaka.

“Bar su,” ta ce. “Gobe ba zan sa hannu ba. Gidan nan ke za ki nemo masa ɗan haya, ke za ki nuna shi, ke za ki rubuta yarjejeniyar da sunan wanda zai kwana a ciki. Ranar da kika rufe shi, ki kawo min takardarki. Ki karɓi makulli, ina jiranki a ƙasa.”

Ta bi bayan Hajj. Gwaggo ta dubi wannan ta dubi wancan.

“Wai me ake ciki ne? Ku yi min Hausa mana! Uzairu, me tsohon ya ce?”

“Gwaggo, a sauke labulen,” ya ce. “An karɓe gidan.”

“An karɓe? Wa ya…” Sai ta juyo gare ni, ta ga fasfon a hannuna. Ba ta jin Larabci, amma ta ji sunan da na karanta. “Ke? Da bakinki? Ɗakin naki?”

Ta zauna daɓas a kafet ta miƙe ƙafar mai ciwo, ta rafka tagumi. Tun da ta zo garin nan ban taɓa ganin ta rasa abin faɗa ba sai ranar. Anti Zeinabu kuwa tuni ta shige kicin da waya a kunne, ina jin tana ce wa Yaya, “Abban Afra, ka bar abin da kake yi ka zo.”

Uzairu ya ajiye gudumar a kan ɗan teburin nan. Ya ciro makullansa daga aljihu, ya tsaya yana fama da zoben, farcensa na zamewa, har ya zare guda ɗaya. Ya karɓi fasfonsa, ya sa min makullin a tafin hannu. Da ɗuminsa.

“Niyyata sai ranar da aka kawo ki in ba ki shi,” ya ce.

“Malam, ka tsaya ka ji…”

Bai tsaya ba. Ya sa takalmi ya fita, ƙurar bango a kafaɗarsa. Na bi shi har bakin bene na riƙe ƙarfe, ina jin takunsa hawa bayan hawa. Can ƙasa muryar Am Ayman ta taso, shi bai san me aka yi ba.

“Ma'as salama, ya Sheikh Harun!”

Takun ya tsaya.

“Sunana Uzairu,” na ji ya ce. Sai ƙarar ƙofar gini.

Ban san da wace zuciya ya faɗa ba, ko haushi ne, ko wani abu daban. Na juya maganar nan a kaina har na gaji. Yaya Munkaila ko kallona ba ya yi, abin da ya ce kawai shi ne maganarsa tana nan, babu gida babu ɗaurin aure. Gwaggo ta sa an dawo da kwalayen falo, labulen ne kawai aka bari don ƙarfen ya ƙi fita. Na tura wa Uzairu saƙo uku, duka ya buɗe, bai ce komai ba.

Ɗazu wata 'yar Malesiya ta kira lambar ofis, ita da mijinta suna neman gida mai iska a Sabi'. Na ce mata akwai, hawa na huɗu, da labule ma a jiki. Gobe da hantsi zan kai su su gani, makullin yana cikin jakata.